Kwana a Bakin Rafi: Sabuwar Sha'awar Matasan Abuja da Dajin da Ba a Shirya Musu Ba

Da sanyin safiyar Asabar, kafin masu shayi su gama haɗa wuta, akan tarar da motoci sun jeru a bakin babbar hanyar Kubwa, ko a kwanar Dutse Alhaji da ke miƙa matafiyi zuwa Bwari. Masu fitowa daga cikinsu ma'aikatan banki ne da likitoci da 'yan bautar ƙasa da masu aikin kwamfuta, kowa da takalmin hawan dutse, kowa da jaka a baya. Akasarinsu kafin azahar sun koma gida, ƙafafu na tsami, waya cike da hotuna.

Amma a cikin ayarin akwai 'yan kaɗan da bayan motarsu ke ɗauke da abin da ya wuce ruwan gora da burodi: tanti a naɗe, tabarma, gidan sauro, ƙaramar tukunyar gas, da kula maƙare da nama. Waɗannan ba su da niyyar dawowa sai gobe. Burinsu su sami inuwar kurmi a gindin dutse, kusa da ruwa mai gudu, su kafa tanti su kwana.

Shekara goma da suka wuce, wanda ya ce zai bar gadonsa a Gwarinpa ya je ya kwanta a ƙasa a bayan Ushafa, kuma ya biya kuɗi a kan haka, sai an tambayi lafiyarsa. Yau abin ya zama sana'ar wasu, har ana tallata shi a Instagram da rukunonin WhatsApp. Sha'awar ta bunƙasa. Wurin da za a yi ta cikin tsari da kwanciyar hankali ne har yanzu birnin bai tanada ba.

Birnin da duwatsu suka yi wa zobe

Wanda ya san Abuja daga cikin mota kawai, abin da ya sani shi ne kwalta da gadoji da dogayen katangu. Amma ƙasar da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ware a ranar 3 ga Fabrairun 1976 domin sabon babban birni ta haura murabba'in kilomita 7,000, kuma ginannen ɓangarenta, duk da faɗaɗar da ya yi tun bayan ƙaurar gwamnati daga Legas a Disambar 1991, bai cinye ta ba. Sauran gonaki ne da duwatsu da kwazazzabai.

Daga arewa maso gabas jerin duwatsun Bwari ne suka gangaro har suka haɗe da Dutsen Aso. Katampe da Mpape da Dawaki duk a wannan layin suke. A hanyar Kaduna, da an wuce Zuba, ga Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke kan tsohuwar takardar naira ɗari, ko da yake shi a Jihar Neja yake. Daga cikin waɗannan tuddai ƙoramu ke fitowa su haɗu su zama koguna. Kogin Usuma ya ratsa ta Gwagwalada ya faɗa Gurara, shi kuma Gurara ya bi yammacin yankin ya gangara kudu har ya shiga kogin Kwara.

Abin da ya sa bakin waɗannan ruwaye ke jan hankali shi ne kurmi. Abuja tana samun ruwan sama daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma tana zaune ne a inda dajin arewa ya fara gauraya da na kudu. A fili sai ka ga ɗorawa da kaɗanya da dogayen ciyayi, amma da an gangara kwari sai yanayi ya sake: maɗaci da ɓaure da kwakwar manja da gora sun haɗa kai a sama, ƙasa da laima, iska da sanyi ko a tsakiyar bazara. Irin wannan ragowar kurmi ne masu tanti ke nema.

Wurare uku suka fi fitowa a bakinsu. Na farko tafkin madatsar Usuma, kusa da Ushafa, ƙauyen masu ginin tukwane da shugaban Amurka Bil Kilinton ya ziyarta a Agustan 2000. Na biyu magangarar Gurara a Jihar Neja, a hanyar Suleja zuwa Minna, inda ruwa ke zubowa daga tsayin mita kusan 30 a kan faɗin da ya kai wajen mita 200 idan damina ta kankama. Na uku, ga masu dogon numfashi, Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba ta Jihar Nasarawa, wanda ke faɗowa daga gefen tudun Jos, tsayinsa ya kai kimanin mita 150.

Kullen korona ne ya buɗe hanyar dutse

Hawan dutse a Abuja ya girmi 2020, amma a da harkar 'yan ƙalilan ce, galibi ma'aikatan ofisoshin jakadanci da abokansu. Kullen da aka ƙaƙaba wa birnin daga 30 ga Maris na shekarar ne ya sauya lissafi. An rufe wuraren motsa jiki da gidajen kallo da wuraren biki, har bayan an fara sassautawa. Wurin da ba shi da ƙofa balle a garƙame shi shi ne dutse.

A shekarar ce wani tsohon ramin fasa dutse a Mpape, wanda ruwa ya cika shi tun bayan da aka daina aiki a ciki, ya zama abin yayi. Hotunansa suka karaɗe intanet, jama'a suka yi ta tururuwa, masu abinci da masu kiɗa suka bi su. Daga nan mutane da yawa suka gane cewa a bayan unguwarsu akwai abin kallo. Wanda ya saba hawan safe sai ya fara sha'awar ganin faɗuwar rana daga can, wanda ya ga faɗuwar rana kuma sai ya fara tunanin kwana.

Tsadar rayuwa ta ƙara tura abin gaba. Tun bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, hutun Dubai ko Kigali ya fi ƙarfin da yawa daga cikin masu albashin da a da suke iya yi. Ko tafiya Yankari ta zama sai an yi shiri. Kwana ɗaya a bakin ruwa, awa ɗaya ko biyu daga gida, kowa ya kawo nasa kason na mai da abinci, wannan aljihu na iya ɗauka.

Sannan akwai kaɗaici, wanda ba a cika faɗa ba. Abuja gari ne na baƙi. Matashin da aiki ya kawo shi daga Katsina ko Inugu ba shi da dandali, ba shi da majalisar ƙofar gida, maƙwabcinsa ma bai san sunansa ba. Ƙungiyar hawan dutse ta zame masa majalisa.

Ba wai kwanan daji baƙon abu ne a ƙasar nan ba. Fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro sun yi watanni suna yada zango a bakin koguna, madugu na gaba, kowa ya san aikinsa. Mafarauta da makiyaya har gobe suna yi. 'Yan sikawut sun daɗe suna kafa tanti, kuma dubban matasa sun sami horo a makarantar koyon jagoranci da ke duwatsun Shere a Jos. Sabon abu kawai shi ne a yi shi ba don fatauci ko kiwo ko horo ba, sai don nishaɗi tsagwaronsa.

Yadda daren ke tafiya

Masu shirya irin wannan tafiya kan so a isa wurin da la'asar, saboda kafa tanti cikin duhu wahala ce. Akan nemi ƙasa mai ɗan tudu, a share duwatsu da ƙirare, a duba sama ko akwai busasshen reshe, a duba ƙasa ko hanyar kwarkwasa ce. Tantunan da aka fi gani na mutum biyu ne zuwa huɗu, wasu sababbi daga kasuwar intanet, wasu na gwanjo, wasu kuma haya mai shirya tafiyar ke bayarwa.

Kafin magariba an haɗa wuta. Wani na yanka albasa, wani na jera nama a kan waya, wani ya ɗora tukunyar shayi. Masu salla su ɗauki buta su nemi shimfiɗaɗɗen dutse, a duba alƙibla a waya idan akwai sabis, idan babu a bi inda rana ta faɗi. Da duhu ya yi sai kwaɗi su karɓe bakin ruwa, gyare ya amsa daga ciyawa. Wanda bai taɓa ganin sararin sama ba tare da hasken fitilun titi ba, a nan yake fara sanin yawan taurari.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya ja baya ya bar yashi da duwatsu a fili, sauro ya ragu, ciyawa ta bushe ana ganin inda za a sa ƙafa. Sai dai sanyin hunturu a cikin kwari ba irin na cikin gari ba ne. Wanda ya zo da zane ɗaya yana taƙama, kafin asuba shi ne zai fara neman aron bargo.

Ba kowane gida ke yarda da wannan ba. Iyaye da yawa, musamman a gidajen Hausawa, suna iya haƙura da hawan safe, amma batun 'ya mace ta kwana a daji cikin samarin da ba a san asalinsu ba, wannan ba ya ma kaiwa ga tattaunawa. Wasu malamai ma nan suka fi nuna damuwa: cakuɗuwar maza da mata da abin da kan biyo bayan kiɗa da dare. Masu shirya tafiye-tafiyen da suka fahimci haka sun fara ware tantunan mata a gefe guda, wasu su shirya ta iyali zalla. Akwai kuma tsoffin da har yanzu ke ganin kurmi da bakin ruwa mazaunin mutanen ɓoye ne, ba wurin da ɗan mutum zai je ya yi ta shewa da tsakar dare ba. Ko mutum bai yarda da dalilinsu ba, shawarar rage hayaniya a daji ba ta da aibi.

Ruwan da ke zuwa ba sallama

Babban haɗarin bakin rafi a cikin duwatsu shi ne wanda ba a gani. Ana iya zama a ƙarƙashin sama tangaran, alhali can a saman tudu, kilomita da dama daga wurin, ana tafka ruwa. Dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya zuba a kansa gangarowa yake yi, ya taru a kwari, ya iso a dunƙule da laka da itatuwa. Yashin nan mai laushi da ya fi ko'ina daɗin shimfiɗa, hanyar ruwa ce.

Wannan ba matsalar ƙasashe marasa tsari ba ce kaɗai. A daren 4 ga Yulin 2025, kogin Gwadalup da ke yankin duwatsu na jihar Tekzas a Amurka ya tashi da kimanin mita takwas cikin ƙasa da awa ɗaya, mutane na barci. Sama da mutum 130 suka rasu a ambaliyar, cikinsu har da yara mata da masu kula da su fiye da ashirin a wani sansanin hutu na bakin kogin. A can akwai hukumar hasashen yanayi mai ƙarfi da jiragen ceto. Mazauna Abuja kuwa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani: sun ga abin da ruwa ya yi a Lokogoma da rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, a tsakiyar gari.

A Gurara akwai ƙarin abin lura. A saman kogin, cikin Jihar Kaduna, akwai madatsa, wadda daga ita ne aka ja bututu mai tsawon kilomita kusan 75 don ƙara wa tafkin Usuma ruwa. Kogin da ke da madatsa a samansa ba ruwan sama kaɗai ke ɗaga shi ba. Shi ya sa mutanen ƙauyukan bakin ruwa suka fi kowace manhaja sanin inda ya kamata a kwanta. Alamar ma a bayyane take ga mai lura: duk inda aka ga tarkacen ciyawa da leda sun maƙale a rassan bishiya, ruwa ya taɓa kaiwa nan, kuma zai sake kaiwa.

Wanka shi ne jarabawa ta biyu. Duwatsun gindin magangara suna da santsi, ƙarƙashinsu akwai ramuka da ruwa ke juyawa, kuma babu mai ceto a tsaye. Ruwan da ya kwanta shiru ma yana da nasa: a cikinsa ne dodon koɗi mai ɗauke da ƙwayar tsargiya ke rayuwa, kuma shiga kawai ya isa a kamu.

Akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, yana cizo da rana, wanda ke yaɗa cutar da kan kai ga makanta. Wannan yankin ya daɗe da saninsa. Tun a tsakiyar shekarun 1950 aka ƙaddamar da shirin zuba magani a kogunan tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, don kashe tsutsarsa, aka yi kusan shekara goma ana yi. Daga baya rabon maganin Mectizan kyauta ya rage cutar ƙwarai. Kwana ɗaya ba ya makanta mutum, sai an daɗe ana shan cizo, amma doguwar riga da dogon wando sun fi gajeren wandon ɗaukar hoto amfani. Sauro kuwa ba ya bukatar gabatarwa.

Sai maciji. Kububuwa da kasa da gamsheƙa duk suna cikin wannan daji, kuma da dare suka fi yawo. Likitoci sun daɗe suna nanata cewa tsaga wurin cizo, ko tsotsa, ko ɗaure shi tamau, ba ya ƙara komai sai illa. Abin yi shi ne a hana mutum motsi a garzaya da shi asibiti. Tambayar da ya kamata kowane mai shirya tafiya ya amsa kafin ya karɓi kuɗin kowa ita ce: wane asibiti ne mafi kusa da ke da maganin dafi, kuma minti nawa ne zuwa can da tsakar dare? Ba duka ne ke da amsar ba.

Wa ke da dajin?

Duk waɗannan ana iya magance su da ilimi da shiri. Wanda ya fi ƙarfin mai tanti shi ne tsaro.

Duwatsun da ke ba Bwari kyau su ne suka haɗa ta da dazuzzukan Kagarko a Jihar Kaduna da Tafa a Jihar Neja. A Yulin 2022 aka fasa gidan yarin Kuje, a cikin watan kuma aka yi wa sojojin da ke tsaron fadar shugaban ƙasa kwanton ɓauna a yankin Bwari. Daga ƙarshen 2023 zuwa Janairun 2024 masu garkuwa da mutane suka riƙa shiga unguwannin gefen Bwari da Dutse suna ɗaukar mutane daga cikin gidajensu, har aka kashe wasu, lamarin da ya girgiza ƙasar ya sa rundunar 'yan sanda ta kafa runduna ta musamman a birnin. A wancan lokacin ƙungiyoyin hawan dutse da dama sun taƙaita zirga-zirga zuwa tuddan da ke cikin gari.

Jami'an tsaro suna kallon abin ta fuskarsu: motoci masu tsada a bakin daji, wuta na ci, kiɗa na tashi, ga mutum ashirin da iyalansu ke iya haɗa kuɗin fansa. A wurinsu wannan kiran masifa ne. Masu shirya tafiye-tafiye kuma suna cewa ba kowane dutse ne ke da haɗari ba, kuma daji idan mutanen kirki suka ƙaurace masa, na banza ne ke gadonsa. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma na farko ya fi nauyi a wurin da ba a san kowa ba. Waɗanda suka san abin da suke yi ba sa kafa tanti sai sun gaida mai unguwa ko dagaci, sun sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, sun ɗauki 'yan banga ko mafarautan ƙauyen su kwana tare da su, kuma ba sa sa hoton wurin a intanet sai sun dawo.

A nan maganar ta koma kan masu ƙasa. Dutsen da ɗan birni ke kira sabon wurin da ya gano, yana da suna tun kaka da kakanni. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana, su ne mazauna wannan yanki kafin a zana taswirar birni. Kakannin wasunsu a kan waɗannan duwatsu suka zauna a zamanin hare-hare, sai daga baya suka sauko. Akwai kufai a can sama, akwai kaburbura, akwai kurmin da al'ada ta hana shiga. Rafin da baƙo ke wanke kwanonsa a ciki, shi ne ruwan shan ƙauyen da ke ƙasa, kuma mashayar shanun Fulanin da ke ruga a gefe.

Mutanen da aka tashe su daga gonakinsu aka gina Maitama da Asokoro ba za a zarge su ba idan suka ga baƙi da kaya a bakin rafinsu suka ɗaga gira. Inda ake mutunta su, suna samun abin sayen gishiri: samari na nuna hanya da ɗaukar kaya da gadin motoci, mata na sayar da doya da masara da itace. Inda ba a yi ba, sai ka ji an tare hanya da sanda ana neman kuɗin shiga, baƙi na ƙorafin ƙwace, 'yan gari na cewa haƙƙinsu ne. Babu rasit, babu ƙayyadadden farashi, babu wanda zai raba gardama.

Abin da ake bari a baya

Bayan ramin Mpape ya yi suna, ba a daɗe ba shara ta cika gefensa, har sai da 'yan sa-kai suka riƙa zuwa kwashewa. Haka labarin yake a kusan duk inda ƙafa ta yawaita: robar ruwa, ledar fiya wata, kwalabe, kwanon abinci na roba, da baƙin tabon wuta a kan dutse. A bakin tafkin Usuma abin ya fi muni, domin daga nan ne mafi yawan ruwan famfon birnin ke fitowa, kuma hukumar ruwa ce ke da iko da wurin. Mai jefa leda a can, a randar gidansu yake jefawa.

Matsalar bayan gida kuwa ba a son ambatonta, amma mutum ashirin da suka ci suka sha suka kwana, dole su zaga. Ƙa'idar da masu kwanan daji a ƙasashe da dama ke bi ita ce a yi nesa da ruwa da taku kusan saba'in, a haƙa rami, a rufe. Musulmi ma bai kamata ya jira wani ya koya masa ba, tunda an hana shi ɓata mashayar ruwa da hanya da inuwar da mutane ke hutawa, an kuma umarce shi ya kashe wuta kafin ya kwanta. A watan Janairu, garwashi ɗaya da iskar hunturu sun isa su cinye gonar wani da rumbunsa.

Amma adalci shi ne a faɗa cewa ba masu tanti ne ke cinye kurmin Abuja ba. Buhunan gawayin da ke jere a hanyar Kwali da Abaji da ta Kaduna daga bishiya suka fito, kuma tsadar gas ta ƙara musu kasuwa. Kamfanonin fasa dutse suna gutsurar tuddan Mpape da kewaye kullum. Bayan motsin ƙasar da aka ji a yankin a Satumbar 2018 har an dakatar da fasa dutsen na wani lokaci. Masu gina rukunin gidaje kuma sun hau gangaren da tsarin birnin na asali ya bar wa itatuwa, wasu sun cike ƙoramu. Matasan da ke kwana a kurmi, da duk ɓarnarsu, suna cikin 'yan kaɗan da za su lura idan ya ɓace.

Abin da sansani na gaskiya yake nufi

A Amurka, inda aka kafa hukumar gandun daji ta ƙasa tun 1916, sansanin bakin rafi abu ne mai sauƙin gini: fili mai lamba ga kowane tanti, murhun ƙarfe, makewayi, famfo ko rijiya, allon da ke nuna dokoki, da ma'aikaci mai zagayawa. A gandun Kruga na Afirka ta Kudu an kewaye sansanonin da shinge, ana rufe ƙofa da magariba. A Kenya kuwa akwai wuraren da al'umma ke ba da hayar ƙasarsu ga masu yawon buɗe ido, kuɗin na shiga hannunsu kai tsaye, shi ya sa suke tsaron wurin kamar gonarsu.

Najeriya ba ta rasa wuraren ba. Gashaka-Gumti, gandun da ya fi kowanne girma a ƙasar, yana da koguna da kurmi da Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, wanda ya haura mita 2,400. Yankari na da ruwan ɗumi na Wikki. A 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da ƙarin gandaye goma, cikinsu har da Allawa a Neja da Marhai a Nasarawa da Falgore a Kano. Sai dai 'yan bindiga sun riga masu yawon buɗe ido isa wasu daga cikin irin waɗannan dazuzzuka, kamar Kamuku da ke Birnin Gwari da Allawa ɗin kanta. Farin Ruwa kuma darasi ne na daban: tun zamanin Gwamna Abdullahi Adamu aka fara aikin mayar da shi wurin shaƙatawa, aka yi gine-gine, daga baya aka bar su.

Kuskuren da aka saba yi ke nan: a fara da katafaren otal, kuɗi ya ƙare, ciyawa ta rufe. Abin da Abuja ke bukata bai kai haka ba. Wuri biyu ko uku sun isa a fara da su, kusa da gari, a kan tudun da ruwa ba ya kaiwa, nesa da inda ake ɗibar ruwan sha. A yi makewayi da wurin zuba shara, a sa farashi a rubuce da rasit, a ware wa ƙauyen kaso sananne, a ɗauki 'ya'yansa aikin gadi da jagora, a haɗa wurin da ofishin 'yan sanda da asibiti, a rufe shi a tsakiyar damina. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da ɗaukar dakarun tsaron daji. Idan za a tura su wani wuri, duwatsun da ke kallon fadarsa sun cancanci su shiga sahun farko.

Ƙasar Abuja gaba ɗaya a hannun gwamnatin tarayya take, kuma ministan birnin ne ke rabon ta. Ofishin da ke iya sa hannu a ba mai gina gidaje gangaren dutse, yana iya sa hannu a keɓe bakin rafi ɗaya ga jama'a. Kafin a yi hakan, duk mai shirin ɗaukar tanti da hunturu ya fara da ƙofar mai unguwa, ya tambayi inda ruwa ya tsaya bara, ya bar wa na gida sunan wurin da lokacin dawowarsa, kuma ya koma da shararsa a mota.